Neman Ɗaki a Birnin Yamai

Da zarar an ƙare girbi, an ɗaure damma, an rufe rumbu, sai samari su fara zancen cin rani. Waɗansu su nufi Kano ko Legas ko Abijan. Waɗansu kuwa su ce Yamai ta ishe su. Ko daga Maraɗi mutum ya taso, ko daga Tawa, ko Damagaram, hanyar ɗaya ce a ƙarshe: a bi ta Birnin Ƙonni, a wuce Dogon Dutsi, a wuce Doso. Daga Doso saura kilomita wajen 140 a shiga babban birnin ƙasa.

Mai shigowa ta wannan hanya, filin jirgin sama zai fara gani, sannan unguwar Talaje, sannan mota ta sauke shi a tashar Wadata da ƙunshin kayansa. Baƙo da ya sauka, aiki yake fara tambaya. Waɗanda suka riga shi zuwa kuwa sun san wurin kwana ya fi aiki wuyar samu.

Yamai ba tsohon birni ba ne kamar Katsina ko Agadas. Ƴan ƙauyuka ne na masunta da manoma a bakin kogin Isa, irin su Gudel da Gamkale da Saga. A 1926 Nasara suka ɗauke mazaunin mulki daga Damagaram suka kawo shi nan. Suka gina gidajensu bisa tudu, wurin da ake kira Filato, suka bar kwarin Gunti Yena tsakaninsu da ƴan ƙasa. Lokacin da Nijar ta samu mulkin kai a 1960, mutanen garin ba su wuce wajen 30,000 ba. Ƙidayar 1977 ta samu sama da 200,000. Ƙidayar 2012 ta samu sama da miliyan ɗaya a jihar Yamai. Mutane sun yi ta ƙaruwa, gini bai iya bin su ba.

Sunayen unguwanni ma suna ba da wannan labari. Kusa da kasuwar Katako akwai babbar unguwa mai suna Bukoki. Sunan Hausa ne: bukkoki. Nan baƙi suka kafa ɗakunan kara da zana lokacin da wurin yake bayan gari. Yau Bukoki tana tsakiyar birni, gidajen laka da na siminti sun cika ta, bukka sai an nema. Gaba da ita akwai Lazare. Makiyaya da yawa sun san wannan suna. Nan aka tara mutanen da farin 1973 da 1974 ya kashe wa dabbobi, ana raba musu abinci. Sansanin ya tashi, sunan ya zauna, ita ma ta zama unguwa. Haka abin yake tafiya: talaka ya share wuri, gari ya iso shi, wurin ya yi tsada, shi kuma ya ƙara gaba.

Yawancin mutanen Yamai ba cikin gidansu suke ba, haya suke yi. Gidan haya na talaka tsakar gida ɗaya ce, ɗakuna jere a kewaye, kowane ɗaki da iyalinsa, ban ɗaki guda na kowa da kowa. Mafi ƙanƙanta shi ne wanda ƴan birni ke ce wa antire-kushe, wato ka shiga ka kwanta. Sunan bai yi ƙarya ba. Sama da shi sai ciki da falo. Mai neman ɗaki yakan bi ta hannun dillali, dillali kuma yana da nasa la'ada. Mai gida yakan nemi kuɗin wata biyu ko uku tun kafin ya ba da makulli. Ashe kuɗin guzuri na iya ƙarewa mutum bai yi aikin yini ɗaya ba. Shi ya sa ƴan gari ɗaya sukan haɗu su biyar ko shida su kama ɗaki guda. Da bazara, lokacin da kwano ya ɗauki zafi, duk a waje ake shimfiɗa tabarma. Ɗakin ya koma wurin ajiyar kaya.

Ga wani lissafi mai sauƙi. Doka ta yanke albashi mafi ƙanƙanta da za a biya ma'aikaci. Daga 2012 jika 30 ne da ƴan kai a wata. Daga baya aka kai shi jika 42. A ƙauye, jika 42 kuɗi ne masu kauri. Amma idan an raba su kwana 30, kowace rana jika ɗaya ce da dala 80. Cikinsu za a fid da na ɗaki, da na ruwa, da na kuran, da na itace ko gawayi, da na cefane, da na mota. Kuma wannan lissafin mai albashi ne. Ɗan dako, da mai wankin takalmi, da mai tallan shayi, ba wanda ya yi musu alkawarin ko dala ɗaya.

A ƙauye mutum yana da abubuwan da bai taɓa ƙirgawa cikin dukiyarsa ba. Rijiya tana nan. Kara yana gona. Laka tana bakin tabki, ƴan'uwa su zo gayya a tā da ɗaki cikin kwana kaɗan. A Yamai kowane ɗayan waɗannan da farashinsa. Hatsi ma tiya-tiya ake aunowa daga kasuwa. Shinkafar da aka fi ci a birni, mai yawa daga waje take zuwa, saboda haka duk abin da ya taɓa kuɗi ko hanya sai ya taɓa tukunya. An ga haka a watan Janairu na 1994, da aka raba darajar sefa biyu. An sake ganinsa a 2023, da ƙungiyar CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi aka rufe iyakoki. Buhu ya hau, mai gida kuwa bai rage ko tamma ba.

To, ina ɗaki mai araha yake? Akwai shi, amma kowane da inda yake karɓar kuɗinsa.

Wani yana can gefen gari, a sababbin unguwanni inda famfo bai kai kowane gida ba. Nan sai a dogara da ga-ruwa, masu tura amalanke cike da bido. Yawancinsu su ma ƴan cin rani ne, aikin kuma mai karya baya ne. Amma duk da haka ruwan bido ya fi na famfo tsada nesa ba kusa ba. Ke nan mai ƙaramin ƙarfi shi ke sayen ruwa mafi tsada a birnin da kogi ya ratsa. Ga kuma kuɗin faba-faba, ƙananan motocin haya da ke kai mutane cikin gari, zuwa da komowa kullum. Abin da aka tsira da shi wajen mai gida, ɗan kamasho ya karɓe.

Wani ɗakin kuma yana ƙetaren kogi, wajen da Zabarmawa ke kira Harobanda, wato bayan ruwa. Dā can ƙauyukan Fulani ne irin su Lamorde da Kirkisoy, da makiyaya, da fadamu. Da aka buɗe gadar Kenedi a 1970, birni ya ƙetara. Wurare da dama a can ƙasa-ƙasa suke. An yi ambaliya a 2010, an yi a 2012. A watan Satumba na 2020 ruwa ya kai wajen mita 7 a ma'aunin Yamai, ya fasa madatsa, ya shiga Lamorde da Karaje da Kirkisoy. Ginin laka ba ya daɗewa cikin ruwa. Iyalai suka kwana cikin azuzuwan lakwal, daga baya aka kai su tantuna. Da ruwa ya janye, da yawa suka koma inda suka fito. Ba rashin hankali ba ne. Inda aljihunsu ya kai ke nan.

Akwai kuma masu zama babu haya. Cikin unguwannin masu hali za a ga fili da katanga, ba gini, sai bukka ɗaya ko biyu, da awaki, da yara. Mai filin ne ya bar su su tsare masa wuri. Buzaye da Fulani da Zabarmawa da Hausawa duk suna irin wannan zama. Ba a biyan kome, amma ba takarda. Ranar da motar yashi ta juye kayanta a ƙofa, mai gadi ya san abin da ake nufi.

Kowane ɗan haya burinsa ya samu fili ya gina nasa. Filayen nan kuwa gonaki ne jiya. Ana auna gonakin mutanen Gudel da Saga da sauran ƙauyuka, a yanka su gunduwa-gunduwa, a kafa duwatsun iyaka. Manomi ya samu wani kaso, ya sayar, kuɗin su ƙare, gona kuwa ba ta komowa. Makiyayi ya zo da garke ya tarar da bulo bisa burtali. Har dajin dogon yaro da aka fara shukawa kewaye da birni a 1965 don ya tare iska da ƙura, gidaje sun ci gefensa. A farkon shekarun 2000 gwamnati ta biya wani sashe na bashin albashin ma'aikata da filaye. Waɗanda ba su da abin gini suka sayar wa masu kuɗi. Shi ya sa ake ganin abin mamaki: filaye birjik babu kowa, ɗaki guda kuwa mutum shida.

Gini ma ba wasa ba ne. Bayan ambaliyar 2024, wadda ta rushe gidaje a duk jihohin ƙasa, hukuma ta rage kuɗin siminti, ta yanke tan ɗaya jika 55 a Yamai. Tan buhu 20 ne. Ke nan, ko da wannan ragi, buhu guda ya kusa cinye ladan kwana biyu na mai ƙaramin albashi. Saura yashi, da ƙarfe, da kwano, da magini. A kasuwar Katako ana sayar da tsohon kwano da tsofaffin ƙofofi da ƙusoshin da aka miƙe da guduma, kuma ba sa rasa masu saye.

Cikin watan Mayu, idan hadari ya fara haɗuwa daga gabas, tashar Wadata takan cika da masu komawa gida. Wani da rediyo, wani da turmin zane na uwa, wani da kuɗin iri da taki ɗaure cikin lalita. Wani kuwa sai ƴan ɗakinsu sun haɗa masa kuɗin mota. Kafin su kai Doso, dillali ya riga ya kawo wani ya ga ɗakin.