Kwalbar Jamus da Ƙwaryar Zurmi

Cikin abubuwan da Jamusawa ke yi don ɗebe kewa bayan an tashi daga aiki har da dafa giya a gida. Akwai wata tambaya da ba ta barin bakin masu wannan sha'awa: shin na'urar awo da ake jefawa cikin jiƙo, wadda ke aika sakamako zuwa waya ba tare da igiya ba, za ta wuce ta bakin babbar kwalbar gilashi? Ga ɗan Zurmi irina, wannan damuwar masu abu da abinsu ce. Giya haramun ce a wurinmu, kuma tun da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya yi shelar Shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoban 1999, aka fara aiki da ita a Janairun 2000, sayar da ita ya zama laifi a Zamfara. Sai dai a ƙarƙashin tambayar akwai wata da kowace mai nono da mai koko ke amsawa kullum safiya: yaya za a gane jiƙo ya kai, bai gaza ba kuma bai zarce ba?

Maƙwabcina a nan Hamburg, wani dattijo da ya yi ritaya, yana da irin wannan kwalba a ɗakin ajiya na ƙarƙashin gida. Tana cin wajen lita 20, cikinta tulu guda, amma bakinta bai fi yatsa biyu su shiga ba. Yakan cika ta da ruwan sha'ir da aka tsirar aka dafa, ya zuba yis, ya toshe da marfin roba. A tsakiyar marfin akwai wani lanƙwasasshen bututu mai ɗan ruwa a ciki. Iskar da jiƙon ke fitarwa tana ture ruwan ta fice da ƙara, ɓul, ɓul, amma ta waje ba ta da hanyar shiga. Daga ranar da ya toshe, ba ya so ya sake buɗewa sai bayan mako biyu ko fiye, domin iska da ƙwayoyin da ke yawo cikinta za su iya mayar masa da giyar ruwan tsami.

To mutumin da ya hana kansa sansanawa da ɗanɗanawa, da me zai san halin da ake ciki? Da nauyin ruwa. Ruwa zalla ana ba shi lamba 1.000. Idan sukari ya narke a ciki sai ya ƙara nauyi, ya kai kamar 1.050. Yayin da yis ke cinye sukarin yana mayar da shi barasa da iska, lambar tana sauka har wajen 1.010, sannan ta tsaya. In ta kwana biyu ko uku ba ta motsa ba, aiki ya ƙare. Tsohon ma'auni bututun gilashi ne mai dalma a gindi, sai an ɗebo jiƙon an tsoma shi a karanta. Na zamani kuwa zaune yake a ciki tun ranar farko. Yana yawo a karkace kamar gorar masunci a gulbi, in ruwan na da nauyi ya kishingiɗa, in ya yi sauƙi ya ƙara miƙewa. Wani ɗan inji a cikinsa yana auna karkatar tare da zafin jiƙon, ya aika wa waya.

Amsar tambayar tasu ta dogara ga wace na'ura da wace kwalba. Wadda ake kira Tilt, ƙirar Amurka, siririya ce kuma takan wuce ta bakin kwalbar da aka saba, tana magana da waya ta Bluetooth. Ita kuwa iSpindel, wadda masu sha'awar abin a nan Jamus suka ƙirƙira, kowa ya haɗa tasa a gida, ana sa ta cikin bututun roba mai kauri da ba ya shiga ƙaramin baki, sai bokiti ko tulun roba mai faɗin baki. Shiga ma ba ita ce ƙarshen magana ba. Na'urar na bukatar fili ta karkata ba tare da ta jingina da bango ba, kumfar da ke tasowa a kwanakin farko takan manne mata ta ɓata lissafi, kuma fito da ita sai an juye kwalbar. Gilashi dai yana barin saƙo ya fita, ba kamar tukunyar ƙarfe da ke rage masa ƙarfi ba.

Awon nauyin ruwa ba sabon ilimi ba ne. Malamin nan al-Khazini na birnin Marwa ya bayyana irin wannan ma'auni a littafinsa Mizanul Hikma wajen shekarar 1121. Amma masu giyar Turai sun daɗe ba su san da shi ba. Dokar tsabtar giya ta Bavariya ta 1516 ta ambaci ruwa da sha'ir da furen hof, ba ta ambaci yis ba, don ba a san aikinsa ba tukuna. Sai a 1784 John Richardson ya gabatar wa masu giyar Ingila ma'aunin sukari, Karl Balling kuma ya tsara nasa lissafin a Prague a 1843. Masana'anta da haraji ne suka yaɗa abin: har yau Jamus na lissafa harajin giya bisa yawan sukarin da ke cikin jiƙon kafin a zuba yis. Kafin nan, su ma hanci da harshe suke bi.

A gidanmu a Zurmi, Inna ce ke kwantar da nono idan aka samu madara daga ruga. Takan tafasa ta, ta bar ta ta huce, ta tsoma ɗan yatsa. In yatsan ya zauna ba tare da ta janye shi ba, sai ta juye a ƙwaryar da aka wanke aka shanya a rana, ta ɗiga cikin ludayi na ragowar jiya, ta rufe da faifai. Da asuba takan ɗaga faifan ta ɗan karkata ƙwaryar. In nonon ya motsa gaba ɗaya a dunƙule, ya bar gefe fes, kindirmo ya yi. In ruwa ɗorawa-ɗorawa ya taso sama, ya zarce. Lokacin hunturu takan matsar da ƙwaryar kusa da murhu, in muka dame ta da tambaya ta ce, "Ku bar shi ya ƙara kwana, ɗari a kai." Da bazara kuwa tun kafin kiran sallar farko take dubawa, don zafi na gaggauta tsami.

Haka abin yake ga kamu. Ana jiƙa gero, a niƙa da citta da kanumfari, a tace, a bar ƙullun ya kwanta, sannan kullum a tsiyaye ruwan sama a zuba sabo don kada tsamin ya yi yawa. Mai daddawa tana dafa kalwa, ta sussuke, ta sake dafawa, ta rufe kwana biyu ko uku, warin da ya doki hancinta da yauƙin da ta ji a yatsa su ne ke gaya mata lokacin kirɓawa ya yi. Ko masu burkutu, inda ake yin ta, a buɗaɗɗun tukwane suke dafawa, su duba kumfa, a shanye cikin kwana ɗaya ko biyu. Saboda haka ba addini kaɗai ya raba mu da maƙwabcina ba. Mazubi ya raba mu, da tsawon lokaci, da inda kowa ke son ya tsaya.

Shi yana son sukari ya ƙare ƙurmus, abin ya zauna watanni a kwalba. Mu muna son mu tare jiƙon a tsakiyar hanya mu cinye shi yau. Shi yana tsoron duk ƙwayar da bai saya a leda ba, mu kuwa ƙwaryar kanta ce rumbun iri, domin ƙananan ramukan jikinta na riƙe ƙwayoyin jiya su kama madarar yau. Irin tsamin ma daban ne. Louis Pasteur ya nuna a 1857 cewa wasu ƙananan halittu ne ke mayar da sukari tsamin nono, ba yis mai haifar da barasa ba. A wannan aiki nauyin ruwa ba ya sauka yadda ma'auni zai kama, abin da ke canzawa shi ne ƙarfin tsami. Lambar awon tsami na raguwa ne yayin da tsami ke ƙaruwa: madara na farawa da wajen 6.6, tana daskarewa idan lambar ta sauko wajen 4.6. Da za a jefa Tilt cikin ƙwaryar Inna, za ta shiga ba gardama, amma da nonon ya kama za ta maƙale a ciki tana aika lambobin banza.

Malamanmu sun riga mu lura da cewa mazubi na da hannu a abin da jiƙo zai zama. A hadisin tawagar Abdul Ƙaisi da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana jiƙa dabino a wasu mazubai huɗu, ciki har da gora da tulun da aka shafe da kwalta, saboda jiƙo na saurin juyewa a cikinsu mai shi bai ankara ba. Daga baya an sassauta hanin, aka bar sharaɗin kada a sha abin da ke bugarwa, ko da yake Risalar Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukanmu ta ci gaba da ambaton waɗannan biyun. Muslim kuma ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa jiƙon da ake yi wa Annabi ba ya wuce yammacin rana ta uku. Mazubin da ba ya ɓoye hali, da iyakar kwanaki: da waɗannan biyu aka tsare mai sha.

Abin da ke damuna shi ne mun fara barin buɗaɗɗen mazubi ba tare da mun ɗauki awon da rufaffe ke bukata ba. A tashar mota ta Ƙaura Namoda ko kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, kunun zaƙi da kunun aya da zoɓo da yogot duk a gorar roba mai murfi suke, wasu gorunan ma tsintattu ne. Abu ne mai sukari, a toshe, cikin rana, ga wutar lantarki ba tabbas. Yanayin da maƙwabcina ke shiryawa da gangan ke nan, mu kuma muna faɗawa cikinsa da rashin sani. Kowa ya san gorar kunun aya da ta kumbura, aka murɗa murfin ta yi tsaki ta feso. Wannan iskar shaida ce cewa ƙwayoyi, har da yis, sun kama aiki. Mai saye ba ya iya sansanawa kafin ya biya, mai sayarwa ma tun safe rabonta da sanin abin da ke ciki. Ga kuma rashin tsaro da ya watsa rugage da dama a dajin da ke tsakanin Zurmi da Katsina, har nonon shanu ya yi wuya, masu sana'a da yawa suka koma kwaɓa madarar gari. Da can matar gida ta san Bafulatanar da ke kawo mata nono shekara da shekaru, ta san lokacin rani da ake ƙara masa ruwa da garin 'ya'yan kuka. Yanzu wannan sanayya ta yi rauni.

Ba na'urar da farashinta ya haura Yuro 100 muke bukata ba. Abubuwa uku masu araha sun isa. Ma'aunin madara na gilashi, ɗan uwan wancan tsohon bututu: madara mai kyau takan nuna tsakanin 1.028 da 1.033, in an sirka ta da ruwa lambar ta faɗi. Ma'aunin zafi, don mai yogot ta zuba iri idan madara ta sauko wajen digiri 43, tun da yatsa ba ya isa ga mai dafa lita hamsin. Sai takardar gwajin tsami da ke canza launi. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, tana da ɗalibai da za su iya koya wa ƙungiyoyin mata wannan cikin yini guda. Wadda ke kwantar da ƙwarya ɗaya don 'ya'yanta ta ci gaba da yadda ta gada, hancinta ya ishe ta. Amma duk wanda ya murɗe murfi a kan abin sha ya miƙa wa baƙo, ya hana shi ganin abin da ke ciki, don haka wajibinsa ne ya auna, ya kuma rubuta ranar da ya ɗura a jikin gorar.