Kafin akuya ta tsaya wa bunsuru

Wannan rubutu yana da ɗan tsawo, amma ku daure ku karanta, domin maganar ta shafi dukiyarmu da haƙƙin dabbobin da Allah ya ba mu amana.

Duk mai kiwo ya san wannan. Akuyar da jiya ta tunkuyi bunsuru ta kore shi, yau ita ce ke binsa tana kuka, tana kaɗa jela, ta rage cin harawa. Bayan kwana ɗaya ko biyu ta koma yadda take. In ba ta ɗauki ciki ba, sai bayan kamar kwana 21 abin ya dawo. Saniya ma kusan kwana 21 ne, tunkiya kuwa kamar 17. Mukan ɗauka abin a mara yake. Gaskiya ne daga can saƙo ke tasowa, amma hukuncin yarda ko ƙi a ƙwaƙwalwa ake yanke shi.

A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ake kira haifotalamas. Shi ke sakin wani sinadari kaɗan-kaɗan, lokaci bayan lokaci, zuwa wata 'yar halitta da ke rataye ƙarƙashinsa, ita kuma ta aika nata saƙon ta cikin jini zuwa ma'ajiyar ƙwai. Ƙwan ya fara girma, abin da ke kewaye da shi ya riƙa zuba sinadarin istirojin a jini. Idan istirojin ya yi yawa sai ya koma ƙwaƙwalwa ya yi aiki biyu a tare: ya sa a ba da umarnin sakin ƙwai, ya kuma juya halin dabbar ta fara neman namiji. Ku dubi hikimar Ubangiji a nan. Sinadari ɗaya ne ke kula da duka biyun, shi ya sa sha'awa ke zuwa daidai lokacin da ciki zai iya shiga. Bayan an saki ƙwai, wani sinadarin mai suna furojestaron ya karɓi ragama ya rufe ƙofa, sai ka ga ta sake gudun namiji.

Masana sun tabbatar da wannan ne a jikin ɓera. Donald Pfaff na Jami'ar Rockefeller da ke New York a Amurka ya shafe shekaru tun wajen 1970 yana bin diddigin abin. Macen ɓera da aka cire wa ma'ajiyar ƙwai ba ta yarda namiji ya kusance ta, harbi take kai masa. Amma a yi mata allurar istirojin, bayan kwana biyu a bi da furojestaron, cikin 'yan sa'o'i sai ta tsaya cak, ta lanƙwasa baya, ta kawar da jela. Ko da ɗan ƙwayar istirojin kawai aka dasa a wani lungu na haifotalamas, halin yana dawowa. In aka lalata lungun kuwa, allura ba ta ƙara amfani. A 2019 kuma Nirao Shah da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford suka nuna cewa mahaɗan jijiyoyin da ke fitowa daga wannan lungu suna ƙaruwa idan istirojin ya hau, su ragu idan ya sauka. Wato ƙwaƙwalwar kanta sake gininta take yi a kowane zagaye.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne na tunkiya da saniya. Su dole furojestaron ya fara ratsa ƙwaƙwalwa na wasu kwanaki, ya janye, sannan istirojin ya iya tayar da hali sosai. Shi ya sa sau da yawa ƙwan farko da budurwar tunkiya ta saki, ko wanda saniya ta saki bayan haihuwa, yakan wuce shiru ba wata alama. Lafiyarta ƙalau, zagaye na gaba ne za ta nuna. Ga kuma shanunmu masu tozo, irin su Bunaji da Gudali, neman nasu gajere ne, wani lokaci bai fi rabin yini ba, kuma yawanci da dare ko da asuba yake bayyana. Wanda bai leƙa garke sai rana ta take, zai rantse karsanarsa ba ta taɓa neman bijimi ba.

Hanci ma yana da nasa aikin. Dattawan makiyaya sun daɗe da lura cewa in aka raba awaki da bunsuru na wani lokaci sannan aka dawo da shi, da yawansu kan taso kusan tare. A 2014 masana a Jami'ar Tokyo ta Japan suka ware sinadarin da ke fitowa daga fatar kan bunsuru, suka ga ƙwaƙwalwar akuya na hanzarta sakin saƙonta da zarar ta shaƙe shi. Warin nan da muke toshe wa hanci, ita kira ne gare ta. Taguwa kuma nata tsarin daban ne: ba ta sakin ƙwai sai amale ya hau ta tukuna.

To ga inda nake so mu tsaya mu yi tunani. Haifotalamas ɗin nan shi ne kuma ke auna yunwa da ƙarfin jiki. Idan rani ya tsananta, ciyawa ta ƙare, dabba ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta, sai ya rage aika saƙo, zagayen ya tsaya gaba ɗaya. Shayarwa mai tsawo ma tana jinkirta shi, tsananin zafin bazara kuma yana dushe alamun. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Jikin da bai ƙoshi ba ba zai ɗauki nauyin ɗa ba, kuma wannan rahama ce, don da ta yi cikin a haka da ita da ɗan duka suna cikin haɗari.

Nawa ne daga cikin dabbobin da aka kira juya, aka kai kasuwa aka sayar wa mahauta da arha, alhali yunwa ce kawai ke damunsu? Nawa aka ɗaure aka danne don namiji ya hau, a ranar da babu ƙwai babu shiri? Wahala ce ga dabba, asara ce ga mai ita.

Don haka ina roƙonmu da abu huɗu. Mu tanadi harawa, dusa da gishirin lasa tun kaka. Mu riƙa duba garke da sassafe da kuma yamma. Mu rubuta ranar da muka ga alama, mu ƙirga mako uku. In an yi haka wata da watanni babu canji, a kira likitan dabbobi ya duba, kada a sayi allurar sinadari a kasuwa a yi da ka, domin an ga yadda tsari da lokaci suke da muhimmanci a wannan lamari.

Wanda ya ga wani abu makamancin haka a garkensa ya faɗa mana mu ƙaru. Allah ya sa albarka a kiwonmu, ya ba mu ikon sauke haƙƙin bayinsa marasa baki.