Zaman Ranar Alhamis

Gara ta cinye littafin. Bara da damina na gano haka, da muka janyo tsohon akwatin katako daga zauren gidanmu na Limawa. Bango kawai ya rage, sai ƙasa ja a tsakiya.

A cikin littafin nake rubuta zamanmu na ranar Alhamis, a shekarun da na fara aikin jinya a sashen masu taɓin hankali, jim kaɗan bayan an ƙirƙiro Jigawa a 1991 Dutse ta zama babban birni. Bayan la'asar Ogan sashenmu zai sa a kawo shayi, ya ce in karanta masa hirar da na yi da mara lafiya, kalma bayan kalma. Allura da ƙwaya tun da safe an gama da su a zagayen likita. Shi abin da ya dame shi, me na ce, kuma a ina na yi shiru. A Aro ya yi karatu, can Abeokuta, inda Dakta Lambo ya fara saukar da marasa lafiya a gidajen ƙauye tare da danginsu tun 1954, kuma ba ya gajiya da tuna mana wannan.

Akwai wani dattijo da 'ya'yansa suka kawo, ya daina barci, ya daina cin tuwo. Sau uku ina zama da shi. A Alhamis ta uku Oga ya ajiye kofinsa ya ce, "Yaro, me ya sa duk sanda ya ambaci gona sai ka tambaye shi barci?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban lura ba."

"Duba littafinka."

Na duba. Sau huɗu a shafi biyu. A shekarar mahaifina ya sayar da gonarmu mai dabino, lokacin da filaye suka fara tsada saboda ma'aikata na kwararowa gari, kuma a gida ba mai iya tayar da zancen. Ashe a ɗakin asibiti ma ban iya ba. Da na koma na rufe bakina, dattijon ya yi kusan awa guda yana ba ni labarin rabon gado.

Sai daga baya na san wannan zama yana da asali. A 1920 Max Eitingon, almajirin Freud masanin halayyar ɗan Adam, ya buɗe asibiti a Balin ta Jamus, inda aka tsara cewa mai koyon warkarwa ta hanyar hira sai an zauna da shi an tona nasa cikin, ya yi karatu, sannan ya duba marasa lafiya a ƙarƙashin idon babba. Mu dai ba masu wannan fanni ba ne, ma'aikatan jinya ne da suka samu ɗan ɓurɓushinsa. Amma kowane ɗan makarantar allo ya san biyawa a gaban malam.

'Yar ƙanwata da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutse ce ta tsayar da ni. Na gama ba ta labarin dattijon ina jiran yabo, sai ta ce, "Kawu, kai ka ƙaru. Shi fa? Mutum nawa suka warke saboda zaman, nawa saboda magani?"

Haushi ya kama ni, don tana da gaskiya. Ta ce a Turai da Amurka ma nan gizo ke saƙar. Watkins, wani masani Ba'amurke, ya bi binciken shekara 30 a 2011, ya tarar hujjar cewa sa idon babba na kaiwa ga lafiyar mara lafiya ba ta da ƙarfi. Mai koyo kan ce ya amfana, wannan an ji shi sau da yawa. Wani gwaji da Bambling da abokansa suka yi a Ostareliya suka buga a 2006 ya nuna masu ciwon damuwa sun fi samun sauƙi a hannun waɗanda ake sa wa ido, to amma da wata hanyar hira ce, ba ta Freud ba. Ma'aunin ne ke da wuya: bakin babba yana nesa da kunnen mara lafiya, akwai mutum guda a tsakani, ga magani, ga dangi, ga malamin da ke ba da rubutu a gida.

Ta nemi littafin, wai ko za ta fara ƙirga daga nan. Shi ya sa muka janyo akwatin.

Dattijon kuwa an sallame shi kafin kaka, yana cin tuwo. Ƙwayarsa ma bai taɓa fashin sha ba.