Eyam, Ƙauyen da Ya Kulle Kansa

Cikin duk wuraren da na taka a Ingila lokacin da nake karatu a Sheffield, babu inda ke yawan faɗo mini a rai kamar Eyam, wani ɗan ƙauye a tsaunukan Derbyshire. Gidajen dutse ne jere a bakin titi, tumaki na kiwo a bayan katanga, kuma kakannin mutanen garin da haƙar dalma aka san su. Ranar da babu karatu nakan hau bas in je in yini can.

A 1665 aka kawo wa telan garin ƙunshin yadi daga Landan, ashe akwai ƙuma masu ɗauke da annoba a ciki. Yaron shagonsa, George Viccars, wanda ya kwance ƙunshin, shi ya fara rasuwa a watan Satumba. Gidan yana nan kusa da cocin St Lawrence, da allon sunayen mamatansa a gaba. Da cutar ta yi ƙamari a 1666, limamin cocin, William Mompesson, da wanda ya taɓa riƙe muƙamin, Thomas Stanley, suka shawo kan jama'a kowa ya zauna, kada a kai wa maƙwabta bala'in. Suka yarda, alhali sun san abin da ke jiransu. Kimanin mutum 260 suka rasu, har da Catherine, matar Mompesson.

Na fi daɗewa a wurin dutsen iyaka da ke hanyar Stoney Middleton. Dutse ne gajere, an huda ramuka a samansa, kowanne daidai shigar yatsa. Nan ake zuba ruwan khal a jefa tsabar kuɗi, na waje su ajiye abinci su ɗauki kuɗin, ba wanda ya taɓa hannun wani. Ruwan sama na tarar a ramukan, mai sanyi ƙarara.

A wata gona a gefen gari akwai kaburburan Riley, zagaye da 'yar katanga. A nan Elizabeth Hancock ta binne mijinta da 'ya'yanta shida da hannunta cikin kwana takwas, a Agustan 1666. Allah sarki! Duk mai 'ya'ya ba ya tsayawa wurin idonsa a bushe.

Ina kewar garin, ina kuma ganin girman mutanensa. Har yau, a Lahadin ƙarshe ta kowane Agusta, suna taruwa a kwarin Cucklet Delf, inda aka riƙa yin ibada a sarari lokacin annobar, domin tunawa da waɗanda suka rasu.