Taliya: Baƙuwa ce ko 'Yar Gida?

Masu iya magana sun ce baƙo raɓa ne, amma akwai baƙon da kan zo ya kafa gida. A garinmu Rurum Sabon Gari, cikin ƙasar Rano, iyayenmu mata kan kwaɓa fulawa, su murza taliya a inji, su shanya a kan igiya, a dafa a ci da manja da yaji. Ba mai ce mata baƙuwa, alhali ko sunanta ma aro ne.

Mutanen Hanoi, babban birnin Biyetnam, su ma suna da tasu ta garin shinkafa. Sukan haɗa ta da gasasshen curin nama da ɗanyen ganye, suna tsomawa cikin romo mai tsami da zaƙi. Ita ce Shugaba Obama ya ci a can cikin 2016. Sai dai su da naman alade suke yi, wanda ya haramta gare mu.

Da hutun bana na gwada ta a gida. Na daka naman sa da albasa da tafarnuwa da masoro, na cura kamar ƙwan zabo, na gasa bisa garwashi. Maimakon ruwan kifinsu mai gishiri, na sa daddawa da lemon tsami. Da Inna ta ɗanɗana sai ta ce, "Ai wannan taliyarmu ce ta je yawon duniya."

Abin da ke damuna shi ne, injin Inna ya fara tsatsa, don ƙannena sun fi son ta leda. Malamanmu sun koya mana cewa kalmar aro ba ta zama Hausa sai harshe ya lanƙwasa ta. Ina ganin haka abinci yake: wanda hannunmu bai sarrafa ba, na mai shi ne har abada.