Na Miƙa Masa Sadaka, Ashe Taki Ya Zo Saye

Mu masu sayar da taki da iri da maganin feshi a tsakanin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, waya ta zame mana rumfa ta biyu. Hanya ba tabbas, manomi ba zai hau babur ya ratso daji don kawai ya ji kuɗin buhun yuriya ba. Mun ɗanɗana rashinta a 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, namu ukun duk suna ciki. Da takardun naira suka yi wuya a farkon 2023, ciniki ya ƙara komawa taransfa. Sai na sa wani matashi ya buɗe wa shagonmu ɗan shafi a intanet, ya tsara farashin kaya cikin hoto, kore da ruwan ɗorawa, har da zanen masara. Hoton nan nake ɗorawa a shafin, shi nake turawa ta WhatsApp, ina ta jin kaina.

Wata ranar kasuwa sai ga wani dattijo makaho, jikansa riƙe da bakin sandar. Ban ko tsaya gaisuwa ba, na zaro naira ɗari na miƙa wa yaron, na ce, "Malam, a sa mu a addu'a."

Ya yi murmushi. "Addu'a kam za a yi, Alhaji, amma mayar da kuɗinka. Nawa kuke sa NPK? Buhu shida nake so."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya zauna kan benci ya fito da wayarsa. Yana shafa gilashin da yatsa, wata murya na faɗa masa duk abin da ya taɓa, da saurin da ni ban iya tsintar komai. TalkBack ke nan, tana cikin wayoyin Android, kyauta. "Hausarta irin ta Bature ce," in ji shi, "amma ba ta kuskuren lamba." Ya buɗe saƙona. Muryar ta ce hoto ne, ta yi gum. "To ka ji. Wanda ya rubuta farashinsa, da kunnena nake ji. Naka kuwa sai na jira yaron nan ya taso daga makaranta." Daminar da ta wuce a Funtua ya sayi takinsa, shi da wasu makafin da ke tambayarsa inda za su saya.

Garin gyaran gira sai na rasa ido: na watsar da hoton, na koma tura farashi da murya kaɗai. Ba a jima ba wani kurma, tela ne kuma yana noman waken soya, wanda ya yi makarantar kurame ta Malumfashi, ya aiko mini da kalma biyu: "Alhaji, rubuta."

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum ɗaya cikin shida a duniya na da wata lalura ta nakasa. Ga kuma tsofaffin da ido ya fara hazo, waɗanda su ne ma ke riƙe da kuɗin gida. A Amurka wani makaho, Guillermo Robles, ya maka kamfanin Domino's a kotu a 2016 don ya kasa yin odar abinci ta shafinsu, kuma a 2019 kotun ƙoli ta ƙi sauraron ƙorafin kamfanin. A shekarar ce Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci. Sai dai ni ba tsoron kotu ya motsa ni ba. Buhu shidan nan ne, da na sauran da suka wuce Funtua ban ma san da su ba.

Yanzu farashi a rubuce yake fita, da manyan baƙaƙe, murya ta biyo baya, kowane hoto da bayaninsa a ƙasa. Matashin ya sa wa maɓallan shafin sunayen da TalkBack za ta iya karantawa a yini guda, ban biya kuɗin kirki ba.

Saura na'urar POS. Sabuwar duk gilashi ce, babu maɓallin da yatsa zai laluba, dole makaho ya faɗi lambar sirrinsa da baki a gaban jama'a. Tsohuwar mai maɓallai da na jefa a durowa na kai an sa mata batir, tana nan kan teburi.