Tsakar Gida a Saman Bene

Duk wanda ya bi hanyar Gusau zuwa Sakkwato ya ratsa Talata Mafara, idan ya ɗaga kai ya dubi 'yan benayen da suka tsiro a bakin titi cikin shekarun nan, abu guda zai gani a mafi yawan barandunsu, wato tarkace. Tsohuwar katifa a naɗe, jarkoki, kwalin firiji, keken yaro da ya rasa ƙafa, wani lokaci har da janareto yana tuttuɗa hayaƙi. An kewaye wurin da ƙarfe tun daga ƙasa har rufi kamar akurkin kaji. Da wuya ka hangi ɗan Adam zaune. Haka abin yake a Gusau, haka kuma yake a Kaduna da Abuja, inda da yawa daga cikinmu 'yan Mafara da Bakura da Maradun muke zaman haya saboda aiki. Wuri ɗaya tak ne a gidan sama iska ke ratsawa ba tare da an biya kuɗin wuta ba, shi ne kuma muka mayar sito.

Abin yana ba ni mamaki, domin mu ba mutanen ɗaki ba ne tun asali. A gidan da na tashi a Bakura, ɗaki wurin ajiye kaya ne da fakewa daga ruwa da sanyi. Rayuwa a waje take. Maza suna zaure ko garka, kamar yadda muke kiran ƙofar gida a wajenmu. Mata suna tsakar gida, inda turmi da murhu da igiyar shanya suke, ga randuna jere a ƙarƙashin rumfa, ga dogon yaro ya yi wa rabin gidan inuwa. A nan ake sussuka da tankaɗe, a nan ake kitso, a nan ake yi wa jariri wanka, a nan ake tatsuniya bayan lisha. Idan bazara ta kankama kuwa, babu mai kwana a shigifa sai marar lafiya. Kowa ya fito da tabarmarsa.

Sabon tsarin gini ya haɗiye wannan fili. Falo da ɗakuna da kicin da banɗaki duk sun taru ƙarƙashin rufi ɗaya, an ɗora wani gidan a kan wani. Kayan ginin ma sun sauya. Bangon ƙasa mai kauri yana jinkirta zafi, kafin zafin azahar ya ratsa shi rana ta yi sanyi. Bulon siminti kuwa siriri ne, nan da nan yake ɗaukar zafi, dakalin kankare na rufi ya sha rana yini guda, da dare ya riƙa amayar da ita a kan masu barci. A watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40 a wannan yanki, ɗakin bene da ƙarfe goma na dare ya fi waje zafi nesa ba kusa ba. Wutar lantarki kuma kowa ya san halinta.

Da a ce waje yana nan yadda muka san shi, da da sauƙi. Amma a Fabrairun 2021 aka kwashi ɗalibai mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara. A watan Agusta na shekarar aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, a farkon Satumba kuma aka ɗebi ɗalibai a makarantar Kaya ta Maradun. Ba sai na tsaya bayyana wa mai karatu abin da irin waɗannan shekaru suka yi wa hirar dare da dandali da kwanan waje ba. Ana rufe ƙofa da wuri. Namiji dai yana fita aiki, yana zuwa masallaci, yana tsayawa wurin mai shayi. Wadda abin ya fi ci ita ce matar da aka ɗauko daga babban gida mai tsakar gida kamar filin ƙwallo, aka kawo ta hawa na biyu, ita da 'ya'yanta ƙanana, ta yini ta kwana tsakanin bango huɗu da fanka da ba ta juyawa.

Lokacin da na kama hayar sama a Mafara, mahaifiyata ta zo mana kwana bakwai, ta yi uku ta ce a mayar da ita. Na ce, "Inna, wani abu aka yi miki?" Ta ce, "Babu abin da aka yi mini, ɗan nan. Amma ku a gidan nan, in hadari ya taso, a ina kuke ganinsa?" Ba ta jira amsa ba ta ci gaba da ɗaure kayanta.

Akwai dalilin da ya sa ba a zama a baranda, kuma dalili ne mai ƙarfi. An zana ta ne don mutanen da ke jin daɗin zama a bainar jama'a, suna kallon titi titi yana kallonsu. Mu kuwa tsakar gida ta amsa sunanta ne saboda katanga. A buɗe take ta sama, a rufe ta kowane gefe, mace ta zauna da ɗaurin ƙirji tana tsefe kanta babu fargabar idon baƙo. Barandar da ke fuskantar titi ba ta ba da wannan sutura, wurin da kuma sai an sa hijabi kafin a zauna cikinsa bai zama cikin gida ba tukuna.

Matsalar tana da fuska ta biyu wadda masu zaman bene ba su cika tunawa da ita ba. A gari irin Mafara ko Maradun, inda galibin gidaje na ƙasa ne, bene ɗaya yana iya leƙa tsakar gida biyar ko shida. Wanda ya tsaya a barandarsa yana shan iska, ko bai yi niyya ba, ya yaye wa maƙwabtansa rufin asiri. Matan gidan da ke ƙasa su ne za su koma ɗaki don shi ya sha iska. Malaman Malikiyya sun daɗe da tattauna wannan a babin hana cutarwa. Wani magini na birnin Tunis a ƙarni na 14, Ibn al-Rami, ya tattara hukunce-hukuncen gini a littafi guda, kuma cikin abubuwan da ya yi bayani a kansu har da taga ko ƙofar da ke leƙa gidan maƙwabci, wadda alƙali kan sa a toshe. A ganina wannan ya fi kowane zancen ado muhimmanci. Wanda bai warware shi ba, gara barandarsa ta ci gaba da zama sito.

Waɗanda suka riga mu zaman bene a ƙasa mai zafi sun warware shi tuntuni. Alhazan da suka taɓa yawo a tsohon garin Jidda sun ga tagogin katako masu ƙananan ƙofofi da suka turo kai daga jikin benaye, waɗanda ake kira rawashin. A Alƙahira ana ce wa irinsu mashrabiyya. Na ciki yana ganin waje, na waje ba ya ganinsa, iska tana wucewa, hasken rana yana shigowa a tace. Ba ma bukatar masassaƙin Jidda, domin muna da abin da ke wannan aiki tun kaka da kakanni: zana da asabari. Zanar gamba da aka ɗaura a jikin ƙarfen baranda tana tare ido ta bar iska. Asabari a sama, a sake shi idan rana ta juyo, a naɗe idan ta wuce. Abin da na fi ƙi shi ne a toshe wurin da gilashi ko ledar rumfa, kamar yadda wasu ke yi. Sun ƙara ɗaki ne kawai, kuma ɗakin da ya fi kowanne zafi.

Sai maganar kujera. Barandar da nake da ita faɗinta mita 1.2 ne, tsawonta mita 3, kusan haka kuma yawancinsu suke. Idan aka sa kujerun roba biyu da ɗan tebur, wuri ya ƙare, kuma wanda ya zauna kansa ya zarce shingen, titi na ganinsa shi ma yana ganin gidan mutane. Idan aka fitar da kujerun aka shimfiɗa tabarma, mutum huɗu za su zauna su ci tuwo a kwano ɗaya, babba zai miƙe ƙafa ya yi barci, ana iya shimfiɗa darduma. Mai zaman ƙasa kuma yana ƙarƙashin tsayin zana, abin da idonsa ke kaiwa gare shi sama ce da kan itatuwa. Zaman ƙasa, wanda wasu ke ɗauka ƙauyanci ne, shi ne ya dace da ma'aunin wurin. Tsofaffi masu ciwon gwiwa a ajiye musu kujera 'yar tsugunno.

Wanda bai riga ya kama gida ba, ya duba inda baranda ta fuskanta kafin ya duba launin tayil. Mai kallon yamma ita ce mafi wahala, domin ranar la'asar tana shigowa a kwance, babu rufin da ke tare ta, bango kuma ya riƙe zafin har tsakar dare. Mai kallon gabas tana da daɗi tun daga azahar, sai dai hadarin damina galibi daga gabas yake tasowa, don haka ita ke shan feshi. Game da kudu da arewa akwai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Mafara tana wajen digiri 12 da rabi arewa da tsakiyar duniya, saboda haka daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen 20 ga Agusta rana tana bi ta arewa da mu, sauran watannin kuma ta kudu. Ke nan baranda mai kallon kudu tana samun rana a lokacin sanyi, sa'ad da ake nemanta da safe, tana kuma juya wa iskar hunturu baya, tun da ita daga arewa maso gabas take busowa da ƙurarta. Ita zan zaɓa in an ba ni zaɓi.

Randa ba ta da wurin da ya fi mata nan. Tana sanyaya ruwa ne ta hanyar zufar da ke tsattsafowa daga jikinta, iska ta busar da ita ta tafi da zafin. A cikin kicin da babu iska aikinta rabi ne. Da wannan hikimar ce Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da ganye, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Mai bene da firijinsa ke yini a kashe yana iya yin wannan a lungun baranda. A rufe randar da faifai. Amma a yi hattara da nauyi: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, duro mai lita 200 ya kai nauyin manya uku a tsaye wuri guda dare da rana. Yawancin barandu turo su aka yi daga jikin gini babu ginshiƙi a ƙasa, ba kuma kowane mai gida ne ya sa rodin da ya kamata ba. Abu mai nauyi a jingina shi da bangon ɗaki, kada a kai shi baki.

Shuka kuwa, ba na ba da shawarar furannin da ake gani a hotunan Instagram. Bazara ɗaya ta ishe su. Na'ana'a da ɗoɗɗoya da albasa mai lawashi da attaruhu suna rayuwa a tsohon bokiti da aka huda, suna kuma shiga tukunya. Abin lura shi ne ruwan da ke taruwa a ƙarƙashinsu. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, magudananta suka shimfiɗu a filayen da ke tsakanin Maradun da Mafara da Bakura, mun sami shinkafa da albasa da dankali na rani, mun kuma sami sauron da ba ya jiran damina. Ƙwan sauro cikin mako guda zuwa kwana goma yake zama sauro mai cizo, don haka duk ruwan da ya kwanta a zubar da shi kowane mako. Ƙusa huɗu a bango sun isa a rataya gidan sauro, daga nan kwanan waje ya dawo.

Abu biyu ne ba na sassautawa a kansu. Janareto ba ya zama a barandar da ke jikin tagar ɗakin kwana. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, ta kuma sha kashe iyali guda cikin barci a ƙasar nan. Na biyu shi ne ƙarfen kariya. Ba zan ce wa mutumin Zamfara ya cire shi ba, amma mai walda ya fitar da 'yar ƙofa a jiki, makullinta kuma ya kasance inda kowane babba a gidan ya sani. Idan gobara ta tare matakala, ita ce mafita. Inda babu ƙarfe har sama, dokar gini ta Ingila tana neman shingen baranda ya kai mita 1.1, tazarar sandunansa kuma ta gaza santimita 10, don kada kan yaro ya shige. Ma'auni ne mai kyau a ko'ina. Kada kuma a bar bokiti ko kujera kusa da shinge, domin yaro ɗan shekara uku duk abin da ya gani matakala ne.

Duk abin da na lissafa, ban da aikin mai walda, ana samunsa a kasuwar Talata, wadda garin ya ci sunanta, kuma kuɗinsa bai kai na fankar caji mai kyau ba. Zana dai ba ta daɗewa. Rana da feshin damina ɗaya ko biyu suna cinye ta, sai an sake. Lokacin sayenta shi ne bayan kaka, sa'ad da aka yanko sabuwar gamba ta bushe, masu saƙa suka fara shigowa da ita daga ƙauyuka. A zaɓi mai saƙa sakwa-sakwa, wadda in an ɗaga ta ana ganin ɗigon haske ta jikinta, a ɗaure ta da waya maimakon igiya, a kuma ɗaga ta kamar taƙi ɗaya daga daɓe don ruwan shara ya sami hanyar wucewa.